Wasa Bakwai da Isiyaku Ya Buga

Shekaranjiya wasu samari uku suka shigo warshata a nan unguwar Ƙuba ta Madina da sandar kurket wadda ta tsage a baki. Suka ce in ɗiga mata gam su wuce, mota na jiransu a waje. Na yi musu Hausa, suka amsa mini da Larabci, kamar yadda kuka saba. Babbansu ya ce, "Ya ammi, hamsa dagayig," wai aikin minti biyar ne. Na ce su bar ta su dawo bayan kwana huɗu. Suka kalli juna, suka yi dariya, suka ɗauki abarsu suka fita. Na san inda za su. Kantin da ke bayanmu za su shiga, su sayi gam ɗin nan mai kama yatsa, su naɗe da salatif, ranar Juma'a ta watse musu a hannu. To ku da kuke ganin aikin nan ɗiga gam ne kawai, ku zauna in ba ku labarinsa, ko da yake ban ga wanda zai gaje shi a cikinku ba.

Ni kafinta ne, ba ɗan wasa ba. Ban taɓa zuwa filin kurket ba ko sau ɗaya. Daga gida sai warsha, kuma ƙofa ɗaya ce ta raba su, sai masallaci. Abin da na sani na wasan, a bakin masu kawo mini gyara na ji shi. Mutum ɗaya ya jefo jar ƙwallo mai tauri kamar dutse, ɗaya ya tsaya da sanda mai faɗi yana tsare wasu turaku uku da ke bayansa. In ya doke ta ta yi nisa, ya samu maki. In ta tsallake igiyar bakin fili ba ta taɓa ƙasa ba, maki shida ke nan. In aka cafe ta a sama, ko ta bugi turakun, ya fita, sai wani makon. 'Yan Pakistan da 'yan Indiya ne suka zo da shi garin nan, suna yinsa da safiyar Juma'a a wani fegi da ke hanyar filin jirgi, a watannin sanyi. Iyakar ilimina ke nan a kan wasan. Sandar kuwa, na san ta ciki da waje.

Na koyi aiki a hannun Usta Abdurrazaƙu, Allah ya jiƙansa, Bahaushe haifaffen nan, wanda kakansa ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Warsharsa tana cikin lungunan da ke kusa da Harami, waɗanda yanzu otal-otal suka zauna a kansu. Na zo daga Mai Wurno, garinmu na Hausawa da ke tsallaken teku, ina saurayi, na shekara biyu a wurinsa ban riƙe zarto ba. Aikina tukunyar gam. Ba irin naku na kwalba ba. Wannan na fatar dabba ne, yana zuwa a ɓantare-ɓantare kamar alewa mai duhu. A jiƙa shi tun jiya, a sa ƙaramar tukunya cikin babba mai ruwan zafi, ka zauna kana gadi. In ya tafasa ya mutu, in ya huce ya ƙi shiga ice. Wari kuwa, sai ka yi wanka biyu kafin a yarda ka zauna cikin mutane. Usta yakan tsoma tsinke ya ɗaga ya duba, ya ce, "Dauda, kunu ka dama mana ne? Ina sukarin?" Sai in zubar in sake.

Abu biyu na ɗauka a wurinsa waɗanda suka ciyar da ni. Na farko kunne. In na haɗa katako biyu na kai masa, ba ya ko kallo. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ce, "Sake." Na yi watanni ina zargin mugunta ce, kafin ni ma na fara ji: haɗin da ya kama yana amsawa da murya ɗaya, wanda bai kama ba yana da wata 'yar amsa a bayanta, kamar tulu mai tsaga. Na biyu, yadda ake kwance gam ɗin. In tsohuwar ƙofa ta zo gyara, ba guduma ake sa mata ba. Tsumma mai laima za ka shimfiɗa a kan haɗin, ka kawo zafi kusa, ka rufe, ka jira. Shi da kansa zai saki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sandar farko da ta shigo hannuna, wani direban bas ne ɗan Pakistan mai suna Nazir ya kawo ta, a naɗe cikin bargo kamar jariri. Lokacin na buɗe tawa warshar a nan, ina yin ƙofofi da 'yan akwatunan dabino. Ya ce da irin Larabcinsu, "Usta, hada kasir, inta sawwi?" Wai ta karye, zan iya? Na juya ta na juya. Sai na ga ashe ba ice ɗaya ba ce. Faffaɗan jikin da ke dukan ƙwallo icen safsaf ne, mara nauyi, mai taushi. Ƙotar kuwa haizaran ce, irin wadda ake sandar dattawa, an tsattsaga ta an jera da siraran roba a tsakani don kada bugun ya kai wa hannu. An fiƙe ƙarshen ƙotar kamar harshen mashi, an yanka wa jikin gurbi daidai shi, an cusa, an sa gam. Babu ƙusa, babu sukuru. Duk ƙarfin da ƙato zai saki, a kan wannan haɗin yake sauka. Na ce ya ba ni mako guda. Na yi kwana uku ina fiƙe haizaran ina zubarwa kafin ɗaya ta zauna. Da ya dawo ya gwada, sai ya sumbace ni a ka. Juma'ar da ta biyo baya mutum huɗu ya kawo mini.

Kayan aikin ba su da yawa. Ƙaramin zarto mai siririn haƙori, cizal biyu, gizagon da na zo da shi daga gida, malzama uku na matse haɗi, zaren saƙa mai kauri na naɗe ƙota, sanfara ta goge ice, man kattani, da wata gudumar ice da na yi da kaina. Gudumar ita ce wahalar. Sabuwar sanda ba a shiga fili da ita haka nan, za ta tsage a bugun farko. Sai an shafa mata mai kaɗan, ta kwana, sannan a zauna ana bubbuga fuskarta a hankali, daga gefe zuwa gefe, har icen ya danne ya yi tauri. Awa shida, wani lokaci takwas, a rarrabe cikin kwanaki. Maiɗakina, Hajiya Maimuna, takan leƙo ta ƙofar ta ce, "Malam, wai sakwarar nan taka yaushe za ta daku? Tun Talata muke jira da miya." In na ce saura kaɗan, ta ce, "Maƙwabta dai sun ce in gaishe ka."

Masu kawo gyara kuwa iri-iri. Akwai wanda zai bar sanda cikin mota rana ta gasa ta tun hantsi har la'asar, ya zo yana rantsuwa cewa ba ta da kyau tun daga masana'anta. Akwai wanda zai tsoma ta cikin mai kamar zai soya ta, ta yi nauyi ta mutu. Wani ɗan Indiya mai aikin otal ya taɓa kawo mini tasa ya buga mata ƙusa uku. Na ce, "Rafiƙ, wa ya yi maka wannan?" Ya ce ɗan ɗakinsu, injiniya ne. Na ce ya mayar masa ya ƙarasa ginin. Amma mutane ne masu girmama aiki. Sukan zauna a benci suna kallon hannuna, su kawo mini shayinsu mai madara da citta. Shekara ashirin da wani abu ina wannan, ban ga Bahaushe ko ɗaya ya riƙe sandar da nufin wasa ba, sai Isiyaku.

Isiyaku ɗan aminina ne tun na ƙuruciya. Ya zo Madina da bizar aikin gona, yana da shekara ashirin da takwas, ya bar mata da 'ya ɗaya a gida. Aikinsa a wata gonar dabino a nan bayanmu: hawan bishiya, yanke gazari, faskare. Tun yana yaro faskare yake yi, kafaɗunsa kamar na bijimi, kuma bahago ne. Ba mu da ɗa namiji, 'yan matanmu biyu sun yi aure, sai Hajiya ta ɗauke shi ɗa. Yana ce mata Inna, yana ce mini Kawu. Duk ranar Alhamis a gidanmu yake cin abincin rana.

A shekarar da nake ba ku labari, kafilinsa, wato mai gonar da takardun zamansa ke hannunsa, ya sayar da gonar za a yi gidaje. Ya kira shi ya ce, "Iƙamarka, takardar zamanka, saura wata biyar. Ka nemi wanda zai karɓe ka in sa hannu. In ba ka samu ba, sai jirgi." Isiyaku ya zaga ko'ina. Ba shi da karatu, ba shi da lasin tuƙi, kuma a takarda manomi ne. Kowa ya ce masa in sha Allahu, kun kuwa san ma'anarta a bakin mai sharika.

Wata Alhamis yana zaune a warsha, Nazir ya zo karɓar sanda. Al'adarsa ce ya gwada kafin ya tafi, sai ya ce Isiyaku ya riƙe, shi ya jefo masa tsohuwar ƙwallo a hankali a cikin lungu. Isiyaku ya riƙe ta kamar gatari. Nazir na dariya yana cewa, "La, la, mu kida," wai ba haka ake riƙo ba. Ya jefo. Ni dai ƙara na ji, tas, mai tsabta, irin wadda ban taɓa jin sanda ta yi a lungun nan ba. Ƙwallon ta haye gidan nan mai hawa uku da ke ƙarshen layi, ba mu sake ganinta ba. Nazir ya daina dariya. Ya ce, "Marra tani," wato a sake. Ya ciro wata. Ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Nazir yana buga wa ƙungiyar wata sharika ce mai kwangilar ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi. Mudirinsu, wato manajansu, mutum ne da kurket ta shiga jininsa, shekara da shekaru yana neman kofin gasar sharikoki bai samu ba. Aka kai masa Isiyaku, ya gani da idonsa. Ya ce to, ya buga musu wannan kakar, in sun ɗauki kofi ko sun kai wasan ƙarshe, zai karɓi kafalarsa, wato ya zama sabon kafilinsa, ya ba shi aikin dako da wurin kwana. Sai dai akwai matsala ɗaya: dokar gasar, ma'aikacin sharika kaɗai ke bugawa. Mudir ya ce ma fi mushkila, wai ba damuwa. Akwai wani ma'aikacinsu mai suna Anwar da ke cikin jerin 'yan wasa amma ƙafarsa ta lalace. Aka ba Isiyaku rigarsa da sunansa. Da ya gaya mana, Hajiya ta ce, "Anwar? Kai da baƙinka kamar gindin tukunya?" Ya ce, "Inna, ai ba fuska suke dubawa ba, takarda suke cikawa."

Sandarsa ni na haɗa ta. Wani ya bar mini tsohuwar safsaf mai kyau wadda ƙotarta ta karye bai dawo ba. Na sa mata sabuwar ƙota, na ɗan ƙara mata tsawo saboda shi dogo ne, na bar mata nauyi a ƙasa don ta yi masa kamar gatari. Na buga ta da guduma kwana tara.

Ga abin da ya yi da ita, don ban ga inda aka rubuta shi da sunansa ba. Wasan farko maki talatin da ɗaya. Na biyu takwas, ya ce rana ce ta shiga idonsa, Nazir ya ce ƙarya ne, gaggawa ce. Na uku hamsin da huɗu, a ciki har da shida-shida guda biyar, ɗaya ta fasa gilashin motar mai sayar da shayi. Na huɗu ya fita a jifan farko bai samu ko ɗaya ba, ranar ko abinci bai ci ba. Na biyar arba'in da bakwai. Na shida sittin da biyu, kuma ba a fitar da shi ba har aka tashi. Duk Juma'a bayan masallaci yakan biyo ya faɗa mini, ni kuma in karɓi sandar in duba. A jikinta nake ganin gaskiyarsa: inda jan ƙwallon ya zauna a tsakiya, da inda ya goga a gefe. In ce, "Wannan ta gefen fa?" Ya ce, "Kawu, wai kai ba ka zuwa amma ka fi alƙalin wasa sa ido." 'Yan Pakistan suka sa masa suna Hattab, wato mai faskare. Har daga Yanbu aka zo kallonsa.

Bayan wasa na shida, na ƙwanƙwasa na ji ƙotar ta fara motsi. Ba abin mamaki ba ne da irin dukan da take sha. Wasa na bakwai shi ne na kusa da ƙarshe. In sun ci shi, maganar kafala ta tabbata. Iƙamarsa saura wata ɗaya da kwanaki. Na kwance ƙotar ranar Asabar, na kankare tsohon gam tas, na dafa sabo da hannuna, na mayar, na matse a malzama kwana uku. Na naɗe da sabon zare. Ranar Laraba na ƙwanƙwasa, murya ɗaya. Ban taɓa yin haɗin da ya fi wannan ba. Na jingine ta a cikin gida kusa da jakarsa, saboda Hajiya ta ce a kawo mata fararen kayan wasansa ta wanke.

Kun san matanmu da turaren wuta. Ba a fita babbar rana da kaya haka nan. Ranar Alhamis na tafi sallar la'asar a masallacin Ƙuba, na tsaya gaisawa da mutane, na daɗe. Da na dawo, tun daga bakin lungu na ji ƙamshi. Na shiga na tarar da Isiyaku a durƙushe a tsakar gida, Hajiya tana tsaye a kan kabbasa, wato kejin da ake kifawa a kan kaskon turare a shanya kaya. Ta rufe kejin da bargo mai kauri. Ta yaye bargon, tururi ya tashi. Ta ɗauko rigar, ta ɗauko wandon, da sauran laimarsu, don da laima kaya suka fi kama ƙamshi. Sannan ta sa hannu a ƙarƙashinsu ta zaro sandar.

Ta ce, "Har ita na sa. Ai ita ce mai aikin. Tun azahar take ciki, na ƙara garwashi sau biyu. Icen oud ɗin da na ɓoye tun bikin 'yarmu Zainabu ne, na ce yau ranarsa."

Isiyaku ya karɓa da hannu biyu yana cewa, "Inna, Allah ya saka da alheri, Allah ya bar mana ke." Ita kuma tana ta addu'a, Allah ya ba shi sa'a, Allah ya zaunar da shi a garin Manzo, ya kawo matarsa da 'yarsa ta goya. Na ce ya miƙo mini in gani. Ƙotar da ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu. Tsumma mai laima, da zafi, a rufe, a jira. Da ni ne nake son kwance ta, da haka zan yi. Na lanƙwasa yatsa na ƙwanƙwasa. Na ji 'yar amsar nan a baya.

A bangon warsha a ranar akwai sanduna biyu na mutane da na gama gyarawa. Da na buɗe baki, da ya ɗauki ɗaya, in ba mai ita haƙuri daga baya. Ba za ta yi masa daidai hannu ba, amma ba za ta rabu ba. Hajiya tana kallona fuskarta cike da murna. Ta ce, "Yaya, Malam? Ka ji ƙamshi?" Shekara talatin da biyar ban taɓa kushe aikinta a gaban baƙo ba, balle a gaban wanda take kira ɗanta. Na ce, "Ma sha Allahu." Na ce a raina zan bi shi waje in gaya masa. Ta raka shi har bakin ƙofa da kwanon abinci, Nazir na jira a mota. Sai na ce a raina, gam ne, in ya huce zai sake kamawa. Na san ba haka ba ne. Gam ɗin da ya saki ba a matse ba, in ya huce kamun ƙarya yake yi. Wayata tana aljihuna har gari ya waye, ban kira ba.

Abin da ya faru a fili, daga bakin Nazir na ji. Ya shigo bayan Juma'a shi kaɗai, ya ajiye gunduwa biyu a kan tebur, ya ce, "Usta, kullu harab." Komai ya lalace. Isiyaku ya tare jifa biyu a hankali, ya samu maki huɗu. A na uku ya saki ƙarfinsa gaba ɗaya. Ƙotar ta tsaya a hannunsa, jikin sandar ya tashi kamar an harba shi, ya samu wani ɗan ɗaya ƙungiyar da ke tsaye kusa, a baki. Haƙora huɗu da muƙamuƙi. Ƙwallon kuma ta ɗan tashi sama aka cafe. Aka kwashi mutumin zuwa asibiti. Can aka ce sai an rubuta yadda abin ya faru da sunan wanda sandarsa ta yi rauni, a kawo iƙamarsa. Aka nemi iƙamar Anwar, aka ga hoton wani mutum daban. Kafin Asabar masu shirya gasar sun kori ƙungiyar, sun soke duk wasanninta na kakar. Mudir ya ce bai san wani Isiyaku ba, bai taɓa ganinsa ba. Allah ya sa wanda aka ji wa ciwon ya yafe, ya ce ƙaddara ce, shi ya sa ba a tsare shi ba. Amma maganar kafala ta mutu a nan.

Labari ya bazu cewa haɗin Usta Dauda ne ya saki. Ban musa ba. Masu kawo gyara suka ragu, daga baya ma aka fara shigo da sanduna masu araha, in ta karye a jefar a sayi wata. Yawancin samari suka koma buga ƙwallon roba da aka naɗe da salatif, wadda ko da murfin tukunya ka doke ta za ta tafi. A da nakan yi sanda biyar a mako lokacin sanyi. Bara gaba ɗaya guda shida na taɓa. Mai sayar mini da gam ɗin fata ya rasu, 'ya'yansa sun mayar da shagon na waya. Idona ya yi rauni, da laluben yatsa nake naɗa zare.

Bari in koma kan Isiyaku. Sauran kwanakinsa mun zaga da Nazir, ni da ban saba fita ba har ofishin wani ɗan Usta Abdurrazaƙu na je da kaina. Ya karɓe ni da shayi da dabino, ya ce ya ammi, da a ce makaniki ne ko direba. Ni kuwa a ƙarƙashin wani nake, ba ni da ikon karɓar kowa. Kafilinsa ya buga masa fita ba dawowa.

Ranar da zai tafi ya zo sallama da hantsi. Hajiya ta haɗa masa dabino da atamfa ta matarsa da 'yar riga ta yarinyar, ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Muka zauna a bencin warsha, jakarsa a gabansa. Na ce, "Isiyaku, akwai maganar da zan gaya maka. Ranar Alhamis ɗin nan da na ƙwanƙwasa sandar, na ji ta saki. Turaren ne ya kwance ta. Na sani tun a lokacin, na yi shiru."

Ya jawo jakarsa kusa da shi. Sannan ya ce, "Na sani, Kawu."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Wata nawa ina zaune a nan ina kallonka? In ta yi, kakan ƙwanƙwasa sau ɗaya ka miƙo. Ranar sau uku ka ƙwanƙwasa. Na so in tambaye ka, sai na ga Inna a tsaye. Da muka shiga mota na ce zan kira ka. Sai na ce in na kira, gobe za ta ji na tafi da wata sandar, za ta tambayi dalili."

Nazir ya yi hon a waje. Isiyaku ya miƙe ya rataya jaka. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Kawu, abu ɗaya nake roƙo. Kada ta sani."

Ya koma gida ya koma faskare. Shekarun farko yakan kira duk sallah, ya ce a ba shi Inna, su yi ta hira har kuɗin wayarsa su ƙare. Da ƙasarmu ta rikice, lambarsa ta daina shiga. Na tambayi duk wanda ya zo umara daga wajenmu. Wani ya ce sun yi kudu, wani ya ce sun tsallaka iyaka, babu wanda ya gan shi da idonsa.

Hajiya ba ta karanta boko, ku kuma da kuke shiga gidana kuna shan kununta, ku riƙe bakinku. Ita har yau abin da ta sani, gam ɗina ne bai kama ba. Ta taɓa ce mini, "Malam, da ka ƙara masa kwana ɗaya a matse." Na ce haka ne. Duk Juma'a in na dawo daga masallaci, kafin in cire takalmi, sai ta ce, "Yaron nan bai kira ba?" In ce bai kira ba.